Ciwon da muke ɓoyewa daga yarinta har tsufa, alhali yana da magani

Duk wanda ya taɓa ratsa tashar mota ko bakin kasuwa a garuruwanmu ya san motar mai maganin gargajiya da lasifikarta. Tun daga nesa za ka ji yana jero cututtuka: basir, sanyin mara, ɗigon fitsari, ƙaiƙayin gaba, raunin mazakuta. Yana ambaton gaɓoɓin da ba a ambata a gaban suruki, jama'a na kewaye da shi, wasu na saye suna cusawa a aljihu da sauri. Amma mutanen nan idan suka shiga ɗakin likita sai bakinsu ya mutu. Matar da fitsari ke kuɓuce mata shekara da shekaru za ta ce “jikina ne ba daɗi,” ta karɓi maganin zazzaɓi ta koma gida. Dattijon da ke tashi sau biyar cikin dare zai yi ƙorafin ciwon gwiwa kawai. Mai talla ya gane abin da asibitocinmu suka kasa ganewa: masu wannan lalura suna da yawa, suna neman mafita ido rufe, kuma ba za su buɗe baki ba sai an fara buɗe musu maganar.

A ƙasan marar kowane mutum, mace ko namiji, yaro ko babba, akwai wasu tsokoki da suka shimfiɗu daga ƙashin gaba zuwa ƙarshen ƙashin baya. Aikinsu kamar na majanyi ne ga goyo: su ke tallafe da mafitsara da ƙarshen hanji, da kuma mahaifa ga mace. Su ke matse hanyar fitsari da ta bayan gida har mutum ya isa inda ya dace, su kuma saki idan lokaci ya yi. Suna da hannu a saduwar aure da haihuwa. Tun da tsoka ce, tana iya yin rauni, tana iya ɗaurewa ta kasa saki, tana iya yagewa, kuma ana iya horar da ita ta farfaɗo. A duniya akwai reshe sukutum na aikin likitocin gashin ƙashi da ya keɓanta da waɗannan tsokoki. Ra'ayina shi ne, lokaci ya yi da za mu shigar da wannan ilimi cikin ɗakin awo, da ɗakin jego, da makaranta, da ƙananan asibitocin unguwa, domin mafi yawan abin da yake buƙata bayani ne da horo, kuma wahalar da rashinsa ke jawowa tana bin mutum tun daga shimfiɗar yarinta har sandar tsufa.

Mu fara da yaro. Fitsarin kwance ruwan dare ne: a cikin yara ɗari masu shekara 5, kusan 15 suna yi. Kowace shekara kimanin kashi 15 cikin ɗari na masu yin suna dainawa da kansu, ta yadda zuwa shekara 15 sai ɗaya ko biyu cikin ɗari ke saura. Abin yana bin jini sosai. Idan ɗaya daga cikin iyaye ya yi shi da ƙuruciya, kusan rabin 'ya'yansa kan yi, idan kuwa duka biyun ne, kusan uku cikin huɗu. Dalilansa sanannu ne. Wani yaron ƙodarsa tana tara fitsari da yawa cikin dare saboda ƙarancin wani sinadari da ke rage shi lokacin barci. Wani mafitsararsa ba ta ɗaukar da yawa. Wani kuma barcinsa ne ke da nauyin da cikar mafitsara ba ta tashe shi. Yara masu sikila sun fi fama da shi domin ƙodarsu ba ta iya kaurara fitsari. A cikin waɗannan dalilai babu lalaci, babu ganganci.

Mu kuwa me muke yi? Muna laƙaba masa amalala. A wasu gidajen a ɗora masa jiƙaƙƙiyar tabarmarsa a ka, yaran unguwa su bi shi da waƙa da tafi. Wasu su yi masa bulala da asuba, wasu su tsorata shi da kwaɗo. Almajirin da ke kwana cikin tsara a zaure ɗaya, ko ɗalibar makarantar kwana, nasu tozarcin ya ninka, domin ba su da inda za su ɓoye. Iyaye suna yin haka ne da zaton gyara, amma ana hukunta yaro kan abin da ya faru yana barci, kuma tsoro bai taɓa koya wa mafitsara riƙo ba. Abin da ya rage masa shi ne tabon da zai daɗe a zuciya bayan shimfiɗa ta bushe.

Akwai wani dalili da iyaye ba su cika kawowa a rai ba, wato bushewar ciki. Idan bayan gida ya taru ya yi tauri a ƙarshen hanji, yakan danne mafitsara ya rage mata wuri, ya kuma tsokane ta ta riƙa matsawa ba lokaci ba. Yara da yawa sun daina fitsarin kwance da jiƙa wando da rana bayan an magance musu wannan kaɗai. Haka yaron da ake ganin ɗan kashi a wandonsa kullum, ana cewa ƙazami ne: sau da yawa hanjinsa ne ya cushe, mai ruwa-ruwa ke zurarowa ta gefe ba tare da ya ji ba. Makarantunmu suna da hannu a nan. Inda ɗalibai ɗaruruwa ke da makewayi guda marar ƙofa marar ruwa, ko babu shi sam, yarinya za ta ƙi shan ruwa tun safe, ta matse fitsari har a tashi. Tsokar da ta saba da matsewa wuni guda takan manta yadda ake saki, daga nan sai ciwon mara da cutar mafitsara su biyo baya.

Maganin yaro yana farawa da abubuwa masu sauƙi. Ya sha ruwa isasshe da safe da rana, a rage daf da kwanciya. Ya je fitsari a kan kari, ya zauna ya gama ba gaggawa, ya kuma yi kafin barci. A gyara masa ciki da ganye da wake da 'ya'yan itace. Tsugunon da muka gada a makewayi ya fi zaman kujera sauƙaƙa fitar bayan gida, don haka gidan da ke da masan zama sai a sa wa yaro abin taka ƙafa. Idan ya haura shekara 6 ko 7 abin bai tsaya ba, akwai ƙararrawar da ke tashinsa da zarar ɗigo ya fara, akwai kuma maganin da likita ke rubutawa. Wanda ya daɗe da dainawa sannan ya dawo yana yi, a gaggauta duba shi: yana iya zama ciwon suga, ko cutar mafitsara, ko wata damuwa da ke cin sa wadda bai iya faɗa ba. Jini a fitsarin yaron da ke wanka a kududdufi ko rafi kuwa alamar tsargiya ce, maganinta na asibiti.

Sai budurwa ta zama amarya. Akwai matan da tsokokin nan ke ɗaure musu da kansu duk lokacin da miji ya kusance su, saduwa ta zama azaba ko ta gagara baki ɗaya. Ba da gangan suke yi ba, jiki ne ke kare kansa daga zafin da yake tsoro. A wurinmu irin wannan yarinya takan sha fassara iri-iri: ba ta son mijin, an yi mata asiri, aljani ya aure ta. A wasu ƙauyuka har yau mafita ita ce a kira wanzami ko unguwarzoma a yi mata yankan gishiri, da sunan buɗe hanya. Wannan aska ta sha huda mafitsara ta jefa yarinya cikin yoyon fitsari, ban da zubar jini da tabon da ke ƙara zafin da aka ce za a magance. Alhali abin da take buƙata shi ne a duba ta ko akwai wata cuta, a yi mata bayanin jikinta, a koya mata numfashi da sakin tsoka a hankali, a kuma zaunar da mijin a fahimtar da shi cewa haƙurinsa rabin magani ne. Aure da yawa sun mutu a kan abin da 'yan watanni na horo za su warware.

Babban gwajin waɗannan tsokoki shi ne ciki da haihuwa. Wata tara suna ɗauke da nauyi, ranar naƙuda kuma su buɗe iya buɗewa. Kusan mace ɗaya cikin uku da suka taɓa haihuwa tana fuskantar kuɓucewar fitsari a wani lokaci, musamman idan ta yi tari, ko atishawa, ko dariya, ko ta ɗaga abu mai nauyi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna matsakaicin haihuwar mace a Arewa maso Yamma ya kai 6.6, kuma haihuwa 16 kacal cikin ɗari ake yi a asibiti a yankin. Ma'ana, matanmu suna maimaita wannan gwaji sau shida, sau bakwai, wasu fiye da goma, yawanci ba wanda ya duba ko an samu ƙari, balle a ɗinke. Kafin jiki ya koma daidai ta koma daka da ɗaukar ruwa da itace, kafin ta yaye wani cikin ya shiga. A haka mahaifa ko mafitsara ke fara zazzagowa. Mace ta riƙa jin nauyi a gabanta, kamar wani abu zai faɗo, wata har ta gan shi da idonta, ta mayar da hannu ta yi shiru shekara goma.

Abin da kasuwa ta tanadar wa wannan mata shi ne maganin matsi. Ana sayar mata da alimun da garin itatuwa da haɗe-haɗen da ba a san abin da ke ciki ba, ta cusa. Abin da suke yi shi ne busar da fatar wurin ko kumbura ta na ɗan lokaci, su bar ta da ƙuna da ƙaiƙayi da cuta. Ba su kai ga tsoka ba, kuma a tsoka matsalar take. Kuɗin da matanmu ke zubawa a wannan harka shaida ce cewa sun san akwai abin da ya canja a jikinsu bayan haihuwa. Amsar gaskiya ce ba su samu ba.

Amsar kuwa an daɗe da saninta. A 1948 wani likitan mata a Amurka, Arnold Kegel, ya wallafa sakamakon horar da mata matse waɗannan tsokoki, har atisayen ya ɗauki sunansa. A 2018 cibiyar Cochrane, wadda aikinta tattara gwaje-gwajen likitanci da auna su, ta haɗa gwaji 31 a kan wannan horo. A cikin matan da fitsari ke kuɓuce musu da tari ko motsi, kimanin 56 cikin ɗari na waɗanda suka yi horon sun ce sun warke, waɗanda ba su yi ba kuwa 6 ne cikin ɗari. Shi ya sa a Ingila ƙa'idar ita ce a fara da horon wata uku ƙarƙashin kulawar ƙwararre kafin a yi zancen tiyata. A Faransa, tun 1985 inshorar lafiya ta ƙasa ke biya wa mai jego kuɗin zaman gyaran waɗannan tsokoki, yawanci zama goma.

Yadda ake yi ba ɓoyayye ba ne. Mace ta kwanta ko ta zauna, ta matse kamar mai riƙe iska da fitsari lokaci guda, ta ja ciki da sama, ta riƙe na 'yan daƙiƙoƙi tana numfashi, sannan ta saki gaba ɗaya ta huta kwatankwacin haka. Ba a matse cinya ko ɗuwawu, ba a ɗauke numfashi. A yi aƙalla sau takwas a jere, sau uku a rana, a dage wata uku. Idan ta ƙware sai ta saba da matsewa kafin tari ko ɗaga kaya. Amma akwai dalilin da ya sa nake cewa a sa ƙwararru a ciki. Mata da yawa idan aka yi musu bayani da baki kawai, nishi suke yi ƙasa maimakon ja sama, wanda ke ƙara ɓarna. Wadda tsokarta a ɗaure take, mai jin zafin saduwa ko ciwon mara, matsewa za ta ƙara mata ciwo, saki ya kamata ta koya. Kuma ba a mayar da tsayar da fitsari ana tsakiyar yi ya zama atisaye. Wadda mahaifarta ta zazzago, ban da horo akwai zoben roba da ake saka mata ya tallafe, akwai tiyata idan abin ya yi nisa.

Mu Hausawa muna da abin da ƙasashe da yawa ba su da shi, wato jego. Kwana arba'in mace tana hutawa a hannun uwa ko gwaggo, ana dafa mata, ana gasa mata jiki, ana kula da ita. Al'ada ta riga ta yarda cewa jikin mai haihuwa yana buƙatar gyara, ta kuma ware lokaci da mutanen da za su yi. Abin da ya rage shi ne a zuba ilimi mai inganci a cikin wannan tsari. Tsohuwar da ke yi wa mai jego wanka safe da yamma ita ce mutum ta farko da za ta san ko fitsari na zuba, ko akwai ƙarin da bai warke ba. Da za a koya wa unguwarzoma da masu wankan jego tambayoyi uku ko huɗu, da alamomin da ke nufin a tafi asibiti yau ba gobe ba, da an ceci mata masu yawa tun ciwo yana ɗanye.

A fannin yoyon fitsari ƙasarmu ta yi abin a yaba. Tun farkon shekarun 1980 likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara ɗinke mata a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, wanda asalinsa asibitin kutare ne, ya kuma horar da likitoci masu yawa. Akwai cibiyar Laure a asibitin Murtala na Kano, da asibitin Maryam Abacha a Sakkwato, da cibiyoyin Jahun da Ningi da Jos, sannan a Nijar akwai ta Danja kusa da Maraɗi da aka buɗe a 2012. Duk ranar 23 ga Mayu duniya na tunawa da masu wannan lalura. Aikin da aka yi a Katsina ya nuna cewa idan aka kai mace da wuri, ramin yana sabo kuma ƙarami, robar fitsari kaɗai ta 'yan makonni tana iya rufe shi ga wasu. Sai dai ɗinki ba shi ne ƙarshen labari ba. Wasu matan an rufe ramin amma fitsari na ci gaba da zuba saboda tsoka da hanyar fitsarin sun lalace. Wasu doguwar naƙuda ta danne musu jijiya, ƙafa ta saki suna jan ta. Waɗannan duk aikin mai gashin ƙashi ne. Sannan nasarar da aka samu ta sa mun ɗauka cewa matsalar mara ita ce yoyon fitsari kaɗai. A bayan kowace mace guda da ke kwance a Babbar Ruga akwai ɗimbin mata a gidajensu waɗanda ba su da rami a mafitsara, amma suna sa tsumma kullum, ba su da cibiya, ba su da rana, ba wanda ya taɓa tambayarsu.

Maza ma ba su tsira ba, sai dai su sun tattara komai sun sa masa suna basir ko sanyi. Akwai wanda ya gama fitsari ya yi tsarki, yana miƙewa ya ji ɗigo a wando. Ragowar fitsari ne da ke maƙalewa a lanƙwasar hanya, kuma abin da ƙwararru ke koyarwa a yau, wato a tatso hanyar a hankali daga tushe sannan a matse tsokar ƙasan mara sau biyu ko uku, ya yi kusa ƙwarai da istibra'in da malamanmu ke karantarwa a babin tsarki. Akwai masu ciwon mara da na 'ya'yan maraina na shekaru, sun sha ƙwayoyin kashe cuta har sun gaji, gwaji bai nuna komai ba, alhali tsoka ce ta ɗaure. Daga shekara 50 zuwa sama kuma, wani ƙululu da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda likitoci ke kira furostet, yakan girma ya matse hanya. Fitsari ya riƙa fita da ƙyar, a tashi sau da yawa da dare. Wannan na buƙatar gwajin likita, domin wani lokacin daji ne. Waɗanda aka yi wa tiyatarsa kuwa sukan yi fama da ɗiga, kuma horon tsoka yana gaggauta dawowar riƙo.

Idan tsufa ya zo sai mu rufe maganar da cewa “ai girma ne.” Gaskiya ne bayan ɗaukewar al'ada fatar gaban mace da hanyar fitsarinta suna yin laushi, tsoka kuma tana raguwa ga kowa. Amma yawan abu ba ya mayar da shi dole. Dubi abin da wannan lalura ke ƙwace wa tsoho. Hajiya ta daina zuwa biki da suna da ta'aziyya, ta daina zuwa islamiyya, jikoki su fara cewa ɗakinta na wari. Alhaji ya janye daga sahun farko, daga baya ya daina zuwa jam'i, ba wanda ya san dalili. Su rage shan ruwa a zafin bazara, fitsari ya yi kauri ya ƙara tsokanar mafitsara, ciki ya bushe. Gaggawar zuwa makewayi cikin duhu kuma tana cikin abubuwan da ke kayar da tsofaffi su karye a ƙugu. Tsoka tana amsa horo ko a shekara 70. Mafitsarar babba tana ɗaukar kusan rabin lita, kuma wadda ta saba da kira kowane rabin awa ana iya sake horar da ita ta hanyar ƙara tazara kaɗan-kaɗan cikin makonni shida ko fiye. Rage shayi mai kauri da kofi da goro yana taimakawa, haka magance tari da bushewar ciki da rage ƙiba.

Wani zai ce kunya ado ce, kuma waɗannan ba maganganun jarida ba ne. Ina girmama kunya, ina kuma ganin ta cikin kyawawan abubuwan da muka gada. Amma addinin da ya koya mana ita bai taɓa yin shiru a kan wannan batu ba. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda aka rubuta fiye da shekara dubu da suka wuce kuma ake karantawa a zaurukanmu har gobe, ta yi bayanin hukuncin mai yoyon fitsari da yadda zai yi da alwalarsa. Malaman Malikiyya sun sassauta wa wanda lalurar ta lazimce shi, ba su kore shi daga salla ba. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yaba wa matan Madina saboda kunya ba ta hana su tambayar abin da ya shafi jikinsu da addininsu ba. Mutanen da ke yin alwala sau biyar a rana, waɗanda tsarkin tufa ke cikin sharuɗɗan ibadarsu, su ya fi kamata su damu da lafiyar mafitsara. Mutum nawa ne ke fama da waswasi, suna sake alwala sau uku kafin salla guda, suna zargin imaninsu, alhali tsoka ce ke neman gyara? Malamin da aka kawo wa irin wannan tambaya, bayan ya ba da hukunci, ya kamata ya ƙara da cewa: je ka asibiti, ana maganinsa.

Wani kuma zai ce ƙasar da mata ke mutuwa wurin haihuwa, yara ke mutuwa da zazzaɓin cizon sauro, ina ta ga sararin wannan? Amsata ita ce, a cikin ayyukan lafiya kaɗan ne suka kai wannan arha. Ba ya buƙatar wutar lantarki ko firji ko magani daga waje. Kuma hanyarsa ɗaya ce da ta ceton rai: matar da aka saba tambayarta halin mararta a wurin awo ita ce za ta dawo da wuri idan naƙuda ta yi tsawo. Tsadar tana wajen rashin yi, a kuɗin magungunan tasha, da auren da ke mutuwa, da yarinyar da ta bar makaranta, da tiyatar da za a iya kauce mata.

Don haka ga abin da nake kira a yi. Ma'aikatun lafiya na jihohi su sa tambaya a kan riƙe fitsari da bayan gida da zafin saduwa cikin katin awo da na duba mai jego, ma'aikaciya ta riƙa yin ta ga kowace mace ba sai ta yi ƙorafi ba. Likitocin gashin ƙashi sun taru ne a manyan asibitocin birane, ba za su isa ko'ina ba, don haka su horar da ungozomomin asibiti da ma'aikatan lafiya na matakin farko, su kuma su karɓi waɗanda abin nasu ya yi tsanani. Jami'o'in da ke koyar da wannan fanni, irin su Jami'ar Bayero, su ƙarfafa wa ɗalibai mata gwiwar ƙwarewa a wannan reshe, domin mace ta fi sakin jiki da 'yar'uwarta, namiji ma haka, kuma wannan haƙƙinsu ne. Kowace cibiyar yoyon fitsari ta samu mai gashin ƙashi na dindindin. Hukumomin ilimi su ɗauki makewayi mai ƙofa da ruwa a matsayin sharaɗin buɗe makaranta, ta boko ko ta allo. Gidajen rediyon da ke sayar wa masu maganin matsi da basir sa'o'i su ware ko da rabin awa a mako ga ƙwararrun da za su yi bayani cikin Hausa mai tsafta da ladabi.

A cikin gida kuwa ba sai an jira gwamnati ba. Uba ya hana a yi wa ɗansa waƙar tsokana, ya tambayi yaushe rabonsa da bayan gida mai laushi. Miji ya ɗauke wa mai jego tulu da turmi har jikinta ya koma, ya ba ta tazara kafin wani cikin, ya kuma raka ta asibiti idan ta ce akwai abin da ba daidai ba. 'Ya mace ta keɓe da mahaifiyarta, ɗa namiji da mahaifinsa, su tambaya cikin ladabi ko akwai abin da ke hana su fita. Wanda ya ga jini a fitsari, ko fitsari ya tsaya masa cak, ko mai jegon da ke zuba dare da rana ba tsayawa, wannan asibiti ne a ranar. Sauran kuwa su sani cewa abin da suke ɗauka sirrinsu ne su kaɗai, yana cikin kusan kowane gida a layinsu, kuma mafi yawansa yana sauƙi ko ya warke idan aka faɗa wa wanda ya san aikin.